Baraden da Suka Zama Dakaru: Rundunar Sa Kai ta Roosevelt a 1898 da Makomar Mutanenta

A tsohon tsarin yaƙinmu barde daban, dakare daban. Barde yana kan doki da sirdi da likkafa, shi ake yi wa kiɗa; dakare ƙafarsa ce abin hawansa. Shi ya sa labarin rundunar da Amurkawa ke kira Rough Riders ke sa ni murmushi duk lokacin da na tuna shi. Sunan yana nufin masu hawan ɗanyen doki, wanda ba a hora ba. Don sun iya doki aka ɗebo su, aka sayo musu dawaki, aka yi makonni ana koya musu sukuwa cikin sahu. Da ranar tafiya ta zo, a farkon Yunin 1898, sai aka ce babu wurin dawaki a jirgin ruwa. Suka bar su a Tampa, cikin jihar Florida, suka je Kyuba suka yi yaƙinsu da ƙafa kamar kowane dakare.

Rundunar ba ta cika wata 5 a duniya ba. Sau biyu ta yi babban gumurzu, ranar 24 ga Yuni da ranar 1 ga Yuli. Amma a cikinta aka samu shugaban ƙasa, da babban hafsan sojin ƙasa, da gwamnonin yankuna 3, da ministan sojin ruwa. Akwai rundunonin da suka fi ta daɗewa, suka fi ta shan wuya, ba wanda ya san sunansu yau. Abin da nake so in bi diddiginsa shi ne yadda 'yan makonni a dajin Kyuba suka zama jarin da wasu suka ci har tsufa, da kuma waɗanda aka yi rabon ba su nan.

Yadda aka tara su

Ranar 15 ga Fabrairu 1898 jirgin yaƙin Amurka mai suna Maine ya yi bindiga a tashar Havana, mutum sama da 260 suka mutu. Jaridun Niyok ba su jira bincike ba, suka ɗora wa Sifaniya, wadda ke mulkin Kyuba tana fama da masu neman 'yanci tun 1895. Kafin Afrilu ya ƙare an shelanta yaƙi. Sojojin dindindin na Amurka a lokacin kimanin 28,000 ne kawai, yawancinsu a warwatse a ƙananan barikoki na yammacin ƙasar. Shugaba William McKinley ya nemi 'yan sa kai 125,000, majalisa kuma ta amince a kafa rundunonin mahaya 3 daga mutanen yamma, waɗanda suka tashi da doki da bindiga tun suna yara.

Theodore Roosevelt yana mataimakin ministan sojin ruwa, shekararsa 39. Ɗan masu kuɗin Niyok ne, ya yi karatu a Harvard, ya taɓa kiwon shanu a yankin Dakota, ya kuma shugabanci hukumar 'yan sandan birnin Niyok. Yana cikin waɗanda suka fi kowa zuga a yi yaƙin. Matarsa ba ta daɗe da fitowa daga tiyata ba, ga 'ya'ya 6, ga ido da ba ya gani sai da tabarau, amma ya ajiye aiki. Ministan yaƙi, Russell Alger, ya ce ya karɓi runduna ta farko ya jagoranta. Shi kuwa ya san bai san ta inda ake bi a samo tanti da takalma da harsashi a ofisoshin soja ba, sai ya ce a ba abokinsa Leonard Wood muƙamin kanar, shi ya zama na biyu. Wood likitan soja ne, shi ke duba shugaban ƙasa ma, kuma yana cikin waɗanda suka bi sawun Geronimo, jagoran mayaƙan ƙabilar Apache ta 'yan asalin ƙasar, a 1886. Ya san ƙofar da ake bugawa. Shi ya samo musu bindigogin Krag masu albarushin da ba ya hayaƙi, irin na sojojin dindindin, alhali yawancin 'yan sa kai tsofaffin bindigogi aka ba su, masu tuƙa hayaƙin da ke nuna wa maƙiyi inda mai harbi yake kwance.

Mutanen sun taru a San Antonio, jihar Texas, a watan Mayu, su dubu da ɗoriya. Mafi yawansu daga yankunan Arizona da New Mexico da Oklahoma da Yankin Indiyawa suka zo. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan: waɗannan wurare ba su zama jihohi ba tukuna, kuma in ban da Yankin Indiyawa, shugaban ƙasa ne ke naɗa musu gwamna da manyan jami'ai. Za mu dawo kansa. Akwai kaboyi makiyayan shanu, da masu haƙar ma'adinai, da mafarauta, da tsofaffin 'yan sandan ƙauye, da 'yan caca, da wasu da idan aka tambaye su sunan da suke amsawa a garinsu sai su yi shiru. Akwai 'yan asalin ƙasar daga ƙabilun Cherokee da Choctaw da Chickasaw da Creek da Pawnee. Sai kuma 'ya'yan gata daga gabas, 'yan Harvard da Yale da Princeton, 'yan ƙwallon dawaki, da zakarun tanis biyu, Robert Wrenn da William Larned. Albashin farabiti dala 13 ne a wata, kuɗin da wasunsu kan kashe a cin abincin dare ɗaya.

Wannan haɗin gambiza shi ne abin da jaridu ke so. Ɗan attajiri yana wanke kwano, kaboyi yana ba shi oda. Su suka raɗa wa rundunar sunanta, aron sa suka yi daga wasan dawakin Buffalo Bill da ke zagaya ƙasar a lokacin. Tun ba a harba harsashi ko ɗaya ba, rundunar ta riga ta yi suna.

Roosevelt kuma ya fara nuna irin ubangidan da zai zama. Wata rana bayan atisaye ya tsaya da mutanensa ya saya musu giya daga aljihunsa. Wood ya yi masa faɗa, ya ce hafsan da ke sha da sojojinsa bai cancanci muƙaminsa ba. Ya amsa laifinsa. Amma sojojin ba su manta wanda ya biya ba.

Tampa

A Tampa abin ya zama kasuwa. Sojoji wajen 17,000 za a kwasa, layin dogo ɗaya ne tak ke kaiwa bakin tasha, jiragen ruwa ba su isa ba. Aka ce wa Wood rukuni 8 kawai zai ɗauka daga cikin 12, kuma ba doki sai na manyan hafsoshi. Rukunan C da H da I da M aka bari su yi kiwon dawaki da alfadarai. Roosevelt ya ce ya ga manyan maza suna kuka kamar yara. Waɗanda aka zaɓa suka tare wani jirgin ƙasa mai ɗaukar kwal suka hau, suka isa tasha baƙi ƙirin, suka ruga suka mamaye jirgin ruwan Yucatan wanda aka riga aka ware wa wasu rundunoni biyu. Sannan suka yi kusan mako guda a cikinsa a tsaye cikin zafi, saboda jita-jitar cewa an hango jiragen yaƙin Sifaniya.

Sauran rundunonin mahaya biyun, da aka kafa da doka ɗaya, ba su ga Kyuba ba. Ta Kanar Jay Torrey daga Wyoming jirginta na ƙasa ya yi haɗari a Tupelo, jihar Mississippi, ta ƙare a sansanin Jacksonville. Ta Kanar Melvin Grigsby daga Dakota ta Kudu ta zauna a Chickamauga, cikin jihar Georgia, taifot tana ɗauke mutanenta ɗai-ɗai. Ba don sun fi na Roosevelt tsoro ba ne, ba kuma don sun kasa su iya doki ba. Ba su da mai magana a Washington.

Mako guda a daji

Ranar 22 ga Yuni suka sauka a Daiquirí, gabas da birnin Santiago, inda sojojin Sifaniya suka ja daga. Ba a harbe su ba, domin mayaƙan Kyuba na Janar Calixto García sun riga sun share gaɓar. Babu wurin sauke dabbobi, don haka aka riƙa tura su cikin teku su yi iyo. Ɗaya daga cikin dawakin Roosevelt biyu ya nutse. Wanda ya tsira shi ne ɗan ƙaramin da ake kira Little Texas. Sojoji biyu baƙaƙen fata na runduna ta 10 suka faɗa ruwa da kayansu, Kyaftin Buckey O'Neill ya yi tsalle da kakinsa ya bi su, bai same su ba. O'Neill magajin garin Prescott ne a Arizona, kujerarsa ya bari ya zo.

Kwana biyu bayan haka, a Las Guásimas, suka shiga wata siririyar hanya cikin kurmi suka yi karo da sojojin Sifaniya da ke ja da baya zuwa Santiago. Bindigar Mausa ta Sifaniyawa ba ta hayaƙi, harsashi kawai ake ji yana wucewa, ba a ganin mai harbi. Mutum 8 suka mutu a rundunar, sama da 30 suka ji rauni. Cikin matattun akwai Saje Hamilton Fish, jikan tsohon ministan harkokin waje, da Kyaftin Allyn Capron. Manjo Alexander Brodie harsashi ya karya masa hannu. Wani wakilin jarida, Edward Marshall, shi ma an harbe shi a baya. Wannan ya nuna kusancin 'yan jarida da wannan runduna: a cikin sahunta suke tafiya, abin da suka gani da idonsu shi suka rubuta, wanda ke gefe kuma bai shiga labari ba.

Zazzaɓi ya kwantar da janar ɗin da ke kansu, aka ɗaga Wood ya maye gurbinsa. Haka Roosevelt ya wayi gari ranar 1 ga Yuli yana jagorantar rundunar.

Safiyar ta fara da muni. Dubban sojoji suka cunkushe a hanya ɗaya cikin daji, aka kuma ɗaga wata ƙatuwar balan-balan ta leƙen asiri a daidai kansu, wadda ta nuna wa masu igwar Sifaniya inda za su saita. Rundunar ta kwanta a gindin tuddan da ke kare Santiago tana jiran oda, ana ɗauke mutanenta. O'Neill yana ganin bai kamata hafsa ya ɓuya ba, yana kai da kawowa a gaban mutanensa da taba a baki. Roosevelt ya ruwaito cewa wani saje ya roƙe shi ya kwanta, ya yi dariya ya ce ba a ƙera harsashin Sifaniya da zai kashe shi ba. Jim kaɗan harsashi ya shiga ta bakinsa ya fita ta ƙeya.

Da oda ta zo, Roosevelt ya hau Little Texas ya shiga gaba. A nan sai a yi masa adalci: shi kaɗai ne a sama, kowa na ƙasa, duk mai bindiga a kan tudun yana ganinsa. Harsashi ya goge shi a gwiwar hannu. Kusa da ƙoli waya ta tare shi, ya sauka ya saki dokin, ya ƙarasa da ƙafa. Bindigar hannun da ke ƙugunsa daga cikin jirgin Maine aka tsamo ta, kuma da ita ya harbe wani sojan Sifaniya, abin da ya yi ta faɗa da alfahari har ƙarshen ransa.

Sai dai tudun da suka hau ba San Juan ba ne, babban tudun da aka saba cewa su suka ci shi. Wani ƙarami ne a gefensa, wanda sojoji suka raɗa wa Kettle, wato tukunya, saboda manyan tukwanen dafa ruwan rake da suka tarar a kai. Kuma ba su kaɗai suka hau ba. Sahu ya riga ya cakuɗe. Mahayan dindindin na runduna ta 9 da ta 10, baƙaƙen fata, suna tare da su kafaɗa da kafaɗa, da wasu rundunonin farare. Babban tudun San Juan sojojin ƙafa ne suka ƙwace shi, bayan bindigogin Gatling na Laftanar John Parker sun yi wa ramukan Sifaniyawa ruwan harsashi. Daga Kettle Roosevelt ya tsallake waya ya ruga zuwa tudu na gaba, ya waiga ya ga mutum 5 ne kawai suka biyo shi, sauran ba su ji odarsa ba. Ya koma ya ɗebo su.

A lissafinsa, mutum 490 ya shiga da su, 89 suka mutu ko suka ji rauni. Masu tsaron tudun ba su kai 1,000 ba, Amurkawan da suka far musu sun ninka su sau da yawa. Ranar 3 ga Yuli aka nutsar da jiragen yaƙin Sifaniya yayin da suke ƙoƙarin fita daga tasha, ranar 17 Santiago ta miƙa wuya.

Sannan maƙiyi na gaske ya zo. Zazzaɓin cizon sauro, da atini, da shawara. A duk yaƙin, Amurkawan da suka mutu a fagen daga ba su kai 400 ba, waɗanda cuta ta kashe sun haura 2,000. Abinci naman gwangwani ne mai wari. Roosevelt ya riƙa sayo wake da tumatir da kuɗinsa yana kawo wa mutanensa. A farkon Agusta manyan hafsoshi suka sa hannu a wata takarda cewa a kwashe sojojin kafin su ƙare. Hafsoshin dindindin suna tsoron aikinsu, shi ba shi da aikin da zai rasa, don haka ya rubuta tasa wasiƙar mai zafi, ta kuma faɗa hannun 'yan jarida. Alger ya fusata. A tsakiyar Agusta suka sauka a Montauk, kusa da Niyok, ramammu, wasu a kan makara ta marasa lafiya. A can suka haɗu da 'yan uwansu na Tampa da dawakin. Laftanar William Tiffany, ɗaya daga cikin 'ya'yan gatan, zazzaɓi ya kashe shi a Boston cikin watan. Ranar 15 ga Satumba aka sallami rundunar.

Rabon ganima

Wata biyu bayan sallama Roosevelt ya ci zaɓen gwamnan Niyok da ratar ƙuri'u kimanin 18,000. Jirgin ƙasan kamfensa yana ɗauke da mai busa bigila da tsofaffin sojojinsa cikin kaki. Ɗaya daga cikinsu, Buck Taylor, ya tashi zai yabi maigida a wani gangami, ya ce wa jama'a Kanar ya kora su zuwa tudun San Juan kamar tumaki zuwa mayanka, haka su ma zai kai su. Jama'a suka tafa. A 1900 aka zaɓe shi mataimakin shugaban ƙasa. A Satumban 1901 aka harbe McKinley a Buffalo, ya zama shugaba yana da shekara 42. Shekara 3 ke nan daga gindin tudun.

Yanzu a tuna da yankunan nan da shugaban ƙasa ke naɗa wa gwamna. Brodie, mai karyayyen hannu, ya zama gwamnan Arizona daga 1902 zuwa 1905. Frank Frantz, wanda ya gaji rukunin O'Neill a ranar da aka kashe shi, ya zama gwamnan Oklahoma a 1906, shi ne na ƙarshe kafin ta zama jiha. George Curry ya zama gwamnan New Mexico a 1907. Curry kuwa kyaftin ne na rukunin H, waɗanda aka bari a Tampa; Kyuba ko da idonsa bai gani ba a yaƙin. Wannan kaɗai ya isa ya nuna abin da ake sakawa: kasancewa ɗan gida. William Llewellyn ya zama lauyan gwamnatin tarayya a New Mexico. Ƙananan muƙamai kuwa, na gidan waya da kwastan da gandun daji, ba a magana. Albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko.

Labarin Ben Daniels ya fi kowanne fito da abin fili. Tsohon ɗan sandan Dodge City ne, harsashi bai taɓa firgita shi ba a Kyuba. A 1902 Roosevelt ya naɗa shi mashal, wato babban ɗan sandan tarayya a Arizona. Sai aka tono cewa ya taɓa zaman kurkuku a Wyoming saboda satar alfadaran gwamnati, kuma bai faɗa wa maigida ba. Aka janye naɗin. Bayan shekara biyu Gwamna Brodie ya ba shi shugabancin gidan yarin Yuma, tsohon fursuna ya zama yari. A 1905 Roosevelt ya sake naɗa shi mashal, wannan karon ya zauna.

Ba duka ne muƙami ya iya ceta ba. Roosevelt da kansa ya ba da labarin wasiƙar da wani tsohon sojansa ya aiko masa: ranka ya daɗe Kanar, ina cikin matsala, na harbi wata mata a ido, amma Kanar, ba ita na nufa ba, matata nake harbi. Ya ce ya amsa masa cewa shi ba ya shiga maganar harbin mata. Yana ba da labarin ne don a yi dariya, ana kuma yi. Ni dai abin da ya tsaya mini shi ne mutumin ya ga dacewar ya rubuta wa shugaban tun farko, kuma babu wanda ya riƙe sunan matar.

Waɗanda suka zo da gata sun koma ga gatansu. David Goodrich ya shugabanci kamfanin roba na mahaifinsa. John Greenway ya zama babban mai haƙar tagulla a Arizona. Frank Knox, wanda farabiti ne kawai a rukunin D, ya shiga aikin jarida har ya mallaki babbar jarida a Chicago, ya tsaya takarar mataimakin shugaban ƙasa a 1936 ya faɗi, sannan wani shugaban ƙasar, Franklin Roosevelt, ya naɗa shi ministan sojin ruwa a 1940. Yana kan kujerar Japanawa suka kai hari Pearl Harbor, a kanta kuma ya rasu a 1944. Larned ya ci kofin tanis na Amurka sau 7 bayan yaƙin, amma ciwon gaɓoɓin da ya kwaso a Kyuba bai bar shi ba. Ƙafa ta mutu, a Disamban 1926 ya kashe kansa. William Pollock, ɗan Pawnee mai zane, ciwon huhu ya ɗauke shi a farkon 1899. Kyaftin Maximiliano Luna na New Mexico ya sake shiga soja, ya nutse a wani kogi a Filifin a ƙarshen shekarar. Wasu kuma, irin su Billy McGinty, wasan Buffalo Bill suka shiga, suna hawan tudun katako kullum a gaban 'yan kallo, ana biyan su don su kwaikwayi kansu.

Wood shi ya fi kowa hawa a cikin kaki, kuma tarihinsa ne ya fi nauyi. Ya yi gwamnan soja na Kyuba daga 1899 zuwa 1902, sannan aka tura shi kudancin Filifin, ƙasar Musulmin Moro. A Maris na 1906 mutanen Tausug, maza da mata da yara, sun taru a cikin ramin wani mataccen dutse mai aman wuta da ake kira Bud Dajo a tsibirin Jolo, suna gudun haraji da mulkin baƙo. Sojojin Wood suka jawo igwa da mashinga har baki, suka yi ta harbi cikin ramin. Ɗaruruwa suka mutu, wasu ƙididdiga sun kai kusan 1,000, 'yan kaɗan ƙwarai suka fita da rai. Amurkawa kimanin 20 aka kashe. Roosevelt ya buga masa waya yana taya shi murna, ya ce sun ɗaga martabar tutar Amurka. Marubuci Mark Twain ya kira abin da sunansa, kisan kiyashi. Bai hana Wood zama babban hafsan sojin ƙasa a 1910 ba, ya nemi tikitin shugaban ƙasa a 1920 ya rasa, ya koma Filifin a matsayin gwamna janar har rasuwarsa a 1927. Har yau akwai babban barikin soja a Missouri da ke ɗauke da sunansa.

Waɗanda ba a kira ba

A Montauk, ranar bankwana, Roosevelt ya yabi mahayan runduna ta 9 da ta 10 a gaban kowa. Knox ma ya rubuta gida cewa ya ɓace daga rukuninsa ya yi yaƙi a cikin na runduna ta 10, kuma bai taɓa ganin mazan da suka fi su ba. Saje Manjo Edward Baker na wannan runduna ya samu lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka saboda ya fita cikin ruwan harsashi ya ceto wani mai rauni da ke nutsewa. Amma a 1899, da Roosevelt ya zo rubuta tarihin yaƙin, sai harshe ya juya. Ya ce baƙaƙen sojoji ba sa tsayawa sai da farin hafsa a kansu, har ya ce sai da ya zaro bindiga ya tare wasu da ke sulalewa baya. Saje Presley Holliday na runduna ta 10, wanda ke wurin, ya mayar masa da martani a jaridar New York Age: mutanen an aike su ne su kai masu rauni su kuma ɗauko kayan haƙa rami, kuma Kanar ya san haka. Littafin gwamna ya shiga kowane gida, wasiƙar saje ta tsaya a jaridar baƙaƙe. Wani mai barkwanci na lokacin ya ce da an sa wa littafin suna Ni Kaɗai a Kyuba da ya fi dacewa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A 1906 aka yi harbe-harbe da dare a Brownsville, jihar Texas, aka zargi baƙaƙen sojoji na runduna ta 25, wadda ita ma ta yi yaƙi a Kyuba ranar 1 ga Yuli. Ba a gurfanar da kowa ba, ba a tabbatar da laifin kowa ba. Roosevelt ya kori mutum 167 a lokaci ɗaya, ba fansho, ba takardar sallama ta mutunci. Mutumin da ya yafe wa ɓarawon alfadarai ke nan. Sai a 1972 gwamnati ta soke korar, lokacin kusan duk sun mutu.

Mutanen Kyuba kuwa, waɗanda suka yi shekara 3 suna yaƙin kafin baƙi su zo, ba a bar su sun shiga Santiago ranar miƙa wuya ba. García ya rubuta wa Janar William Shafter, kwamandan sojojin Amurka a wurin, wasiƙar ƙin amincewa, ya janye mutanensa. A 1903 Amurka ta karɓi hayar Guantánamo, tana can har yanzu.

Abu ɗaya Roosevelt ya nema bai samu ba, lambar yabon nan mafi girma. Ya matsa, ya sa abokai sun rubuta, ma'aikatar Alger ta hana. Likitan rundunar, James Robb Church, shi ya samu, kuma Roosevelt ne ya saƙala masa ita a fadar shugaban ƙasa a 1906. Tasa sai a Janairun 2001 Bill Clinton ya miƙa wa zuri'arsa. A 1917 ya je wurin Shugaba Woodrow Wilson yana roƙon a bar shi ya sake tara 'yan sa kai ya kai su Faransa. Wilson ya ƙi. Yaƙin ramuka da mashinga ba na barade ba ne, gwamnati kuma ta zaɓi ɗaukar soja ta tilas. 'Ya'yansa maza 4 suka tafi, autansu Quentin aka harbo jirginsa a Yulin 1918. Uban ya rasu ranar 6 ga Janairu 1919.

Sauran suka ci gaba da taruwa. Taron farko an yi shi a 1899 a Las Vegas ta New Mexico, ƙaramin gari, ba wancan birnin caca ba, Kanar ya zo da kansa. A 1948 gidan waya ya buga kan sarki don cikar shekara 50, hoton da ke kai kuwa mutum-mutumin O'Neill ne na Prescott, a kan doki yana tsalle, shi da ya mutu a tsaye da ƙafarsa. Daga 1952 suka mayar da taron Las Vegas kowace shekara, kujeru suna raguwa. A ƙarshen shekarun 1960 mutum ɗaya ke zuwa, Jesse Langdon, wanda ya shiga rundunar yana yaro ɗan Dakota ta Arewa bai kai 18 ba. Ya rasu a jihar Niyok a Yunin 1975, yana da shekara 94.